Tarakta Mai Injin Tifa

Rigimata da Alhaji mai tarakta daga jarkar man gas ta faro, ta kuma ɗauki shekara tara.

Garinmu yana tsakanin Dutse da Jahun, kuma rabin abincinmu daga fadama yake fitowa. Ƙasar fadamar laka ce. Da rani takan bushe ta yi tauri har garmar shanu ba ta iya shigarta, idan damina ta yi nisa kuma ruwan kogi ya hau ya rufe ta. Tsakanin wannan da wancan akwai kwanaki kaɗan, ba su cika mako uku ba, da ƙasar take yin laushi daidai yadda za a iya kaftu. Wanda aka kafce wa gona a cikin kwanakin nan zai ci shinkafa. Wanda ba a kafce wa ba, sai baɗi.

A shekarun farko bayan an yanke mana jiha, tarakta ɗaya ce tak a garin, ta wannan Alhaji, wanda fataucin hatsi ne sana'arsa. Tsarin aikin kowa ya san shi. Da ruwan farko ya sauka, mai son a yi masa kaftu zai ɗauki jarkar gas ya kai ƙofar gidan Alhaji, ya jingina ta da katanga a bayan ta wanda ya riga shi, ya ɗaura mata ƙyalle don a gane tasa. Yadda jarkokin suka jeru, haka tarakta za ta bi gonaki. Babu takarda, babu sa hannu. Jerin nan shi ne alkawari.

A shekarar da nake magana, jarkar mahaifina ce ta uku. Bayan kwana biyu ta koma ta tara. Bayan mako guda tana can ƙarshe, kusa da kwata. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da rani an kira Baba gaban dagaci a kan rikicin iyakar gona, ya faɗi inda ya san iyakar take tun zamanin kakanni, maganarsa kuma ba ta yi wa Alhaji daɗi ba.

A kwana na goma sha biyu Baba ya je. Ni ina shagona, domin a lokacin injin niƙa gare ni, ina kuma gyara injinan ban ruwa. Ban ji da kunnena ba, amma mutum shida sun ba ni labarin, kowa daban, kuma maganarsu ba ta saɓa ba.

Baba ya yi sallama, aka gaisa, ya ce, "Alhaji, na ga jarkata sai tafiya take da baya."

Alhaji yana kan kujera, mutane na zaune a tabarma kewaye da shi. Ya ce, "Jarka tana da ƙafa ne, Malam? Kai da ka iya gane iyakar da aka shata shekara hamsin, duba mana ƙasa ko za ka ga sawunta."

Aka yi dariya. Baba ya ce, "Ruwa ya kusa hawa, Alhaji."

"To ai kana da injiniya a gida, wancan mai niƙa wa mata barkono. Ka ce ya tara gwangwanayen madara ya ƙera maka tarakta. Ɗauki abarka, ta tare mana kwata."

Baba ya haura sittin a lokacin. Ya sunkuya ya ɗora jarkar a ka. Ranar kasuwa ce, kuma babu hanyar gidanmu sai ta tsakiyar kasuwa. A wajen rumfar mahauta na gamu da shi. Murfin jarkar ba ya rufuwa sosai, gas yana ɗiga a kan hularsa, yana bin wuyansa zuwa cikin riga. Na miƙa hannu zan karɓa, ya ce, "Bari, na kusa gida." Na bi shi a baya har zaure.

Shekarar ba mu shuka shinkafa ba. Baba ya ce a bar wa Allah. Na ce masa to, amma ban bari ba. Abin da nake so ya wuce shinkafa. Ina son ranar da Alhaji zai tsaya a gaban mutanen nan da suka yi dariya, abin da yake taƙama da shi ya lalace a kan idonsa, shi kuma ya rasa abin cewa.

Karatuna bai wuce firamare ba, amma na san inji. Na shekara biyu ina cigiya duk inda na je gyara, har wani direban tifa ya gaya mini akwai wata matacciyar tarakta a Dutse, a bayan gidan wani ɗan kwangila da ya rasu. Na je. Tana can gindin duwatsu, tayoyin sun nutse a ƙasa, darbejiya ta tsiro ta tsakanin birki da kuloci har ta fi ni tsawo. Rina sun yi gida a ƙarƙashin kujera. An ce tun zamanin gyaɗa aka shigo da ita. Magadan murna suka yi da samun mai share musu wuri. Na sayar da shanun nomana biyu da babur ɗina, aka ɗora ta a tifa, aka sauke a garejin wani tsohon bakanike a bakin hanyar Kiyawa. Kowa Oga yake ce masa, kuma a kan irin waɗannan taraktoci ya yi ƙuruciyarsa.

Ya zagaya ta sau biyu, hannu a baya.

"Wannan ka saya?"

"Ita ce, Oga."

"Da me?"

"Da shanuna."

"Allah ya jiƙan shanu," in ji shi. Sannan ya ce in miƙo sifana.

Muka shirya ni zan yi aikin, shi zai tsaya a kaina. Kwana biyu a mako ina Dutse, sauran ina niƙa. Na fara da kwancewa. Kowane noti sai na wanke shi da kananzir, na jefa a gwangwani, na rubuta da fenti daga inda ya fito. Gwangwanayen madara na yi amfani da su, kuma da gangan na zaɓe su. Na jera su a kan katako, na giya daban, na birki daban, na sitiyari daban. Oga ya ce bai taɓa ganin bakanike mai kanti ba sai a kaina.

Giyabos ɗin lafiyarsa ƙalau, ko haƙori ɗaya bai zube ba. Injin ne ya mutu. Wani ya taɓa tuƙa ta ba ruwa a lagireto har jikin injin ya tsage. Oga ya ce mu nemo irinsa, mai silinda uku, ana samu a Kano.

Na ce, "Mai silinda uku, garma mai faifai nawa yake ja a laka?"

"Biyu. Uku idan ƙasa ta yi daɗi."

"Biyar nake so."

Ya dube ni. "Kai da wa kake faɗa?"

"Da laka, Oga."

"Laka ba ta sa mutum ya sayar da shanunsa."

Na sunkuya na ci gaba da wanke noti.

Bayan wata takwas wata tifa ta kife a hanyar Kano, kanta ya murƙushe amma injin bai ji ciwo ba. Mai silinda shida ne. Shi na saya, da geron da na noma a tudu shekarar. Da aka sauke shi kusa da taraktar, sai ga shi ya fi tsohon tsawo da kusan kamu guda.

Ranar ce Oga ya koya mini abin da ban manta ba. Ya ce, "Tarakta ba mota ba ce. Mota tana da shasi, inji a kai yake zaune. Tarakta kuwa injin ne ƙashin bayanta. Baya a jikinsa yake ɗaure, gaba ma a jikinsa." Ya durƙusa ya nuna mini. Sandar ƙarfen da take riƙe da tayoyin gaba biyu a kan fil ɗaya take rataye, fil ɗin kuma yana cikin wani ƙarfen zubi da aka ɗaure a goshin inji. Ya ƙwanƙwasa shi da sifana. "Wannan kamar tukunyar ƙasa yake. Ɗora masa nauyi, zai ɗauka shekara hamsin. Fizge shi sau ɗaya, ya fashe. Duk taraktar da ka gani haka gabanta yake, tsohuwa da sabuwa. Idan ta kafe, a ƙarfen baya ake kama ta. Wanda ya ɗaura sarƙa a nan jaki ne."

Na ce na ji.

Tunda injin tifa ba a yi shi don ya riƙe gaba da baya ba, sai da muka yi mata shasi. Muka yanko dogayen ƙarafa biyu daga gawar tifar, muka ɗaure su daga giyabos zuwa gaba. Wannan shi ne na farko. Na biyu, farantin ƙarfe da zai haɗa inji da giyabos. A Kano aka yanka shi, kuma sau uku ina komawa da shi saboda ramin noti biyu sun ƙi haɗuwa. Na uku kuloci. Na huɗu babban lagireto. Na biyar sandunan sitiyari, da aka ƙara wa tsawo. Murfin inji kuwa mai walda ne ya yi shi da ƙarfen duro. Da muka gama sai gaba ya rinjayi baya, muka cika tayoyin baya da ruwa, muka rataya musu ƙarafa.

A rubuce abin gajere ne. A aikace shekara biyar ya ci, domin kaya ɗaya nake iya saya bayan kowace kaka, ga shi an shiga shekarun wahalar mai, wani makon ko motar Dutse ba a samu. Labari kuwa ya kai gari tuntuni. Duk ranar da na wuce ƙofar Alhaji sai ya ɗaga murya, "Injiniya, yaushe jirgin zai tashi? A ajiye mini kujerar gaba." In rusuna in ce, "Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya," in wuce. Ban taɓa fasa gaishe shi ba ko sau ɗaya.

Wata safiya da bazara muka tayar da ita. Batir bai iya juya injin ba, sai da muka ɗaura igiya a sabon shasin, tifa ta ja mu a kan titi. Ta yi tari sau biyu, ta fitar da baƙin hayaƙi, sannan ta kama. Ƙararta ba irin ta tarakta ba ce, ƙasa-ƙasa take, a ƙirji ake jin ta. Oga ya hau ya zagaya da ita, ya dawo ya kashe.

"Saurara, mai niƙa. Ƙarfin da ka ba ta ya fi ƙashinta. Giyabos ɗin nan na inji mai silinda uku ne. Kullum ka saki kuloci a hankali, kamar kana kwantar da jariri. Ranar da ka fizge ta, za ta gaya mini ko kai ba ka gaya mini ba."

Gonar Baba na fara kafcewa, da faifai biyar, yana zaune a gindin goruba yana kallo. Sannan jarkoki suka fara zuwa ƙofata. Na zura waya ta hannuwansu, na sa kwaɗo, makulli yana aljihuna. Ko ɗan'uwana ba ya tsallake layi. Abin da Alhaji yake yi a kwana biyu, ni a yini nake gamawa. Damina ta biyu ya sayar da tasa ya sayo sabuwa, shuɗiya, mai rumfa, ya sa aka zagaya gari da ita ana danna hon. Rabin gari ya tsaya a wurinsa, yana nan kan kujerarsa ana yi masa dariyar da yake so. Mutane suka ce na rama. Ban rama ba, kasuwa kawai na raba masa.

Damina ta uku ita ce ta bayan ƙaddamar da shari'a. Aka yi ruwa kwana biyu a jere. Na je ƙasan fadama na soka sanda, ta shige kamu biyu ban danna ba. Na dawo na gaya wa masu jarkoki ba zan shiga ba sai an kwana uku. Alhaji ya ji, ya aika musu cewa tasa sabuwa ce, ba ta tsoron ruwa. Mutum huɗu suka zo, na buɗe kwaɗo, suka ɗauki jarkokinsu.

Direbansa dattijo ne daga wajen Taura, ya san aiki, kuma an ce ya faɗa wa Alhaji kada a shiga. Aka shiga. Kafin azahar taraktar ta nutse har ciki, tayoyin baya suna juyawa a wuri ɗaya suna ƙara haƙa rami. Kogi kuma yana hawa.

A sana'armu akwai dokar da ba a rubuta ba. Tarakta idan ta kafe, duk mai tarakta da ke kusa sai ya je ya ja ta, ko da ba sa gaisawa da mai ita. Ba a ƙi, ba a karɓar lada. Wanda ya ƙi, ranar da tasa ta kafe ba mai zuwa, daga Jahun har Kafin Hausa. Don haka ƙi ba ya cikin abin da zan yi.

Direban ne ya fara zuwa. Na ba shi ruwa ya sha. Na ce, "Malam direba, taraktar taka ce?"

"Ta Alhaji ce."

"To ai mai ita yana da baki."

Bayan la'asar kaɗan Alhaji ya zo da kansa, wandonsa duk laka. Shekara tara bai taka ƙofarmu ba. Ya tsaya daga nesa ya ce, "Injiniya, ka ji abin da ya faru."

"Ban ji daga bakinka ba, Alhaji."

Ya ɗan matso. "Ta kafe. Ka zo ka ja."

Na ce to. Na duba baƙin mai, na duba ruwa, na duba tayoyi, kamar yadda nake yi kullum. Ban yi gaggawa ba, ban kuma ja lokaci ba. Na ɗauki sarƙata mai kauri.

Rabin gari yana bakin fadama. Na gane fuskoki da yawa daga cikin masu zaman tabarmar nan. Taraktar tana fuskantar tudu, tsakaninta da ƙasa mai ƙarfi bai fi taku ashirin ba, bayanta kuma ruwa ya riga ya kewaye. A irin wannan, yadda ake yi shi ne a cire garma, a haƙe lakar da ta riƙe ciki da tayoyi, a shimfiɗa itace, a zura sarƙa ta ƙarƙashin ciki a kamo ƙarfen baya, sannan a ja a hankali. Direban ya faɗi haka. Ya ce a ba shi mutum goma da shebur da awa biyu.

Alhaji ya ce, "Awa biyu? Kogin zai jira ka ne? Kai ka kafar da ita, yanzu kuma za ka koya mini. Ga ƙarfe nan a fili, a ɗaura a ja."

"Alhaji, nan ba wurin ɗauri ba ne."

"Rufe mini baki. Kawo sarƙar."

Ya naɗe babbar rigarsa, ya shiga laka har gwiwa, ya zagaya sarƙar a sandar tayoyin gaba sau biyu, ya maƙala ƙugiya da hannunsa. Ina tsaye ina kallo. Ban tsara wannan ba. Ba ni na sauko da ruwa ba, ba ni na tura shi fadama ba. Amma da na ga inda sarƙar take, na san abin da zan yi, kuma gabana ko faɗuwa bai yi ba.

Na ɗaga murya yadda na kan tudu za su ji. "Alhaji, nan ka ce a ja?"

"Nan."

"Direbanka ya ce a haƙa tukuna."

"Tarakta tawa ce ko tasa?"

"Taka ce. Na sake tambaya, a nan zan ja?"

"Kai, injiniyan barkono, in injin naka ba zai iya ba ka faɗa, kada ka ɓata mana lokaci."

Wasu suka yi dariya, ba da yawa ba.

Na juya tawa na tsaya a kan ƙasa mai ƙarfi, na maƙala sarƙar a bayanta, na matsa gaba a hankali har sarƙar ta miƙe. Da na ci gaba a hankali daga nan, tayoyina ne za su yi ta juyawa, sarƙa ta riƙe, kowa ya ga ba za ta fito ba, a koma a ɗauko shebur. Na san haka sarai. Sai na taka kuloci, na sa giyar baya, na dawo taku biyu kamar mai gyara tsayuwa. Sarƙar ta kwanta a cikin laka, ba a ganin ta saki. Direban kaɗai ya gani. Ya buɗe baki, ya dubi Alhaji, ya rufe, ya shiga kora mutane baya.

Na sa giya ta uku, na ba ta wuta har ƙarshe, na ɗage ƙafata gaba ɗaya.

Ƙarar kamar ta masu fasa dutse. Tawa ta yi tsalle ta yi gaba. Da na waiwaya, tayoyin gaba biyu da sandarsu da lagireto suna biye da ni a ƙarshen sarƙa. Sauran taraktar tana inda take, ta kifa hanci a cikin taɓo, goshin injin a fashe, baƙin mai yana malala a kan ruwa.

Ba ka jin komai sai salati ƙasa-ƙasa. Alhaji yana tsaye a laka, hannu ɗaya riƙe da gefen riga. Ya dubi gaban, ya dubi bayan, leɓensa yana motsi. Na kashe inji don kada in rasa abin da zai ce. Bai ce komai ba. Na sauko na kwance sarƙata, na wanke ta, na naɗe ta yadda na saba naɗewa, na ce, "Allah ya mayar da alheri, Alhaji."

Kwana biyu bayan haka kogi ya rufe ta har sitiyari. Sai da rani aka fito da ita guntu-guntu, kuma bai ƙara sayen tarakta ba.

Tawa ma ba ta tsira ba. Tun a hanyar gida giya ta uku ta fara kuka, washegari ta daina shiga. Na ƙarasa kaftun shekarar da ta biyu, sannan na kai ta Dutse. Oga ya buɗe giyabos, ya zura hannu cikin mai, ya fito da haƙora biyu ya ɗora a tafina.

"Wannan ba ja ba ne, fizga ce."

"Haka ne, Oga."

"Labarin ya zo nan. Da abin da na koya maka ka yi?"

"Da shi."

Ya goge hannunsa da tsumma a hankali. "Ga kayan aiki nan, ka gyara abarka. Amma ni ba zan ƙara tsayawa a kanka ba." Bai kuwa ƙara ba har ya rasu. Wannan ya yi mini ciwo, kuma har yau yana yi. Na sha auna shi da abin da na samu, kuma kullum amsa ɗaya ce: da za a mayar da ni bakin fadamar, taku biyun nan zan sake dawowa.

Ina Dutse ina gyara sammaci ya isa gida. Alhaji ya kai ni gaban alƙali. A lokacin kowa da 'yar magana sai ya ce a je shari'a, kotu kullum cike take. Shaidu biyar suka tsaya, biyu daga cikinsu masu zaman tabarmarsa ne, duk suka ce mai tarakta ne ya ɗaura sarƙa da hannunsa, an hana shi ya ƙi, an kuma tambaye shi har sau biyu.

Alƙali ya dube ni ta saman tabarau. "Ka san wurin nan ba wurin ɗauri ba ne?"

"Na sani, Allah ya gafarta Malam."

"Me ya hana ka ƙi ja?"

"A sana'armu ba a ƙi. Kuma wanda ya fi ni kusa da shi ya faɗa masa, ya ce ya rufe baki."

Aka kira direban, wanda tun ranar Alhaji ya kore shi. Aka tambaye shi wa ya ɗaura, ya faɗa. Aka tambaye shi ko ya hana, ya faɗa. Aka ce ko yana da ƙari. Ya dube ni, ni ma na dube shi. Ya ce ba shi da ƙari.

Ba wanda ya yi tambaya a kan sakin sarƙa. Da an tambaya da na faɗa, domin ba na ƙarya, balle ga Alƙur'ani a kan tebur. Ba a tambaya ba. Alƙali ya ce wanda ya ɗaura da hannunsa bayan an hana shi, shi ya jawo wa kansa. Ya sallame mu. Zan fita ya ce, "Kai mai tarakta, ni da zahiri nake hukunci. Ka gane?" Na ce na gane.

Baba a lokacin idonsa ya yi rauni, ba ya fita, kuma tun da abin ya faru bai yi mini maganarsa ba. Na dawo daga kotu na same shi a zaure, a kan buzu.

"An ce kun gama da alƙali."

"Mun gama, Baba."

"Na ce maka a bar wa Allah."

"Ka ce."

Ya ci gaba da jan carbi. Na ɗauka shi ke nan, na yunƙura zan tashi.

"Wai gaban ne ya cire gaba ɗaya?"

"Gaba ɗaya."

"Har da tayoyin?"

"Har da su."

"Shi yana ina a lokacin?"

"A cikin laka, har gwiwa."

"Ya ce me?"

"Bai ce komai ba."

"Ko kalma?"

"Ko kalma."

Ya jinjina kai. "Abu bai yi kyau ba," in ji shi. Ya gyara zama, ya ajiye carbin a gefe. "Matso kusa, kunnen nan ba ya ji sosai. Ka ce da hannunsa ya ɗaura?"